Yadda Manaja Ya Ci Makullin Kabad

Mijin yayata bai taɓa faɗuwa a wasa ba. Shi da bakinsa yake faɗa, kuma ba ka da yadda za ka ƙaryata shi, domin babu mahaluƙin da ya taɓa ganin ya kai wasa ƙarshe. Da zarar ya ga al'amari ya fara juya masa baya a kan allo, sai ya dafe aljihu, ya zaro waya, ya kara a kunne: "Na'am, Oga! Yanzu-yanzu? To, ga ni nan tafe." Ya miƙe ya bar ka da allo a gaba. Washegari ka tarar da shi yana ba mutane labari cewa saura ƙiris ya yi kaca-kaca da kai, Allah ya cece ka aiki ya taso.

Aikin nasa kuwa tsaron sito ne a wani kantin kayan gini. Shi ke ware manyan ƙusoshi daga ƙanana, shi ke jera gwangwanayen fenti kala-kala. Amma sunan da ya raɗa wa kansa shi ne Manaja, kuma da yake ya fi kowa naci, sunan ya bi shi.

Mu 'yan ƙungiyar wasannin allo ne. Duk Asabar muke haɗuwa a ɗakin taron unguwa, mu buga ludo da ces, wato darar nan mai sarakuna da dawakai, da karta, da kuma waɗannan masu manyan kwalaye: wanda ake shimfiɗa layin dogo, wanda ake kiwon tumaki ana gina ƙauyuka, wanda ake binciken wanda ya yi kisa. Kowa da kwalinsa da ya saya da guminsa, amma duk a kabad ɗaya na ƙarfe muke ajiyewa. Makullin kabad ɗin yana rataye a wuyan Malama, tsohuwar malamar makaranta da ta kafa ƙungiyar.

Doka ɗaya tak Malama ta kafa mana. Mai makulli shi ke da alhakin kowane kwali ya zama cikakke. Kuma a wurinmu ba a leƙa kwali a ce ya cika. Sai an shimfiɗa shi an buga har ƙarshe tare da mai shi. In wasa ya ƙare ba a nemi wani abu an rasa ba, to ya cika, a mai da shi kabad.

Sau ɗaya a shekara muke yin babban taro, mu buɗe ƙofa ga kowa da kowa, mu koya wa baƙi wasanni. Ba wanda ake biya, kowa aikin sa kai yake yi. A bana, ana zaman shirye-shirye, Malama ta shafa gwiwarta ta ce ta gaji. Ranar rufe taro za ta cire makulli, ta rataya wa duk wanda aka ɗaga wa hannu.

Kafin ta rufe baki Manaja ya miƙe.

"Malama, ba sai an wahalar da mutane da ɗaga hannu ba. Makulli ya san wuyan da ya dace da shi."

Tela, wanda shi ma yake da sha'awar makullin, yana gefe yana cizon zare. Bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.

"Wuyan da ya dace da shi? Kai da ko ƙarshen ludo ba ka san kamanninsa ba?"

"Ni aiki ke kirana. Ba kamar wasu ba, da babu mai nemansu sai mai yagaggen wando."

"Ogan nan naka yana da ido a kan allonmu ne? Bai taɓa kiranka kana cin wasa ba."

"Hassada ce ke damunka. Ku matsalarku ɗaya ce a ƙungiyar nan, ba ku da tsari. Ku dubi kabad ɗin can! Ja a cikin wannan kwali, ja a cikin wancan. Kati nan, kati can. Da a sitona ne, da tuni na kori wanda ya yi wannan jeren."

Ba wanda ya gane inda ya dosa, kuma ba wanda ya tambaya, don tambayar Manaja jawo wa kai lacca ne. Ya juya ga Malama ya ce ta ara masa makullin na safiyar taro kawai, ya shirya ɗaki shi kaɗai, jama'a su ga aiki da idonsu kafin su zaɓa.

Malama ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, jera tebura ne da kujeru, sai ka fito da kwalaye ka ɗora. Za ka iya?"

"Malama, zagi ne wannan ko tambaya?"

Ta ba shi. Har yau in aka tuna mata sai ta ce tsufa ne.

Ranar taro da safe na biya ta gidansu in gaida Yaya. Na same ta a tsakar gida tsaye a kan tulin wanki, hannu a ƙugu.

"Auta, ka ga robobina?"

"Waɗanne robobi?"

"Duka! Bahon wanki, bokitai, robar wanke-wanke, har 'yar robar da nake yi wa jaririya wanka. Na tashi na ga wayam. Shi kuma baban yara ya fice tun da sassafe, ina kira ba ya ɗauka."

Na ce ban gani ba, na wuce. Ina shiga ɗakin taro na gan su.

Manaja ya haɗa tebura biyu a gaban kabad ya yi kanta. A bayan kantar ga robobin Yaya a jere reras. Bahon wanki cike da jajayen abubuwa: 'ya'yan ludo, ƙananan jiragen ƙasa, gidajen katako, duk wani abu ja da ke cikin kabad ɗinmu. Bokiti ɗaya shuɗaye, ɗaya koraye, ɗaya rawaye. Robar wanke-wanke cike da dayis, ƙwayoyin nan masu ɗigo-ɗigo da ake jefawa. Robar jaririya kuwa katunan duk wasanninmu ne a cakuɗe. Allunan ya jingina su a bango daga babba zuwa ƙarami. Shi kuma yana tsaye a tsakiya da farar riga da biro a kunne, riƙe da kofin shayi.

Sai da na nemi kujera na zauna.

"Yaya Manaja, ina kwalayen?"

"Kwali fanko me zai yi a sito? Cin wuri." Ya nuna lungu. Ga su can ya tattake su sun baje, ya ɗaure da igiya. Waɗanda suka fi kauri kuma ya ninke su ya cusa ƙarƙashin ƙafafun tebura don kada su yi rawa. "Taɓa teburin nan ka ji, Auta. Ko giwa ta hau ba zai motsa ba."

"Littattafan ƙa'idojin fa?"

"Suna bakin ƙofa. Fanka ɗaya ce ke aiki, duk baƙon da ya shigo a ba shi ɗaya ya yi fifita. Ka ga tunani ko?"

Daidai nan Nas ta shigo. Daga asibiti take, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ita ce mai wasan tumakin nan, wanda ƙaninta ya kawo mata daga tafiya, kuma tana ji da shi fiye da kima. Kowane kati sai da ta saka shi a 'yar ledarsa. Wanda bai wanke hannu ba ba ya taɓawa. Ta tsaya a gaban robar jaririya, ta ga katunanta tsirara suna iyo a cikin na kowa, sai jakarta ta suɓuce ta faɗi.

"Ina ledojin?"

"Na cire. Suna sa kati santsi, ba ya jeruwa."

"Manaja, ka san abin da ka yi kuwa?"

"Ba sai kin gode ba, Nas. Aikin sa kai ne."

Na riƙe ta, don na ga idonta ya sauka a kan wata kujerar ƙarfe. Tela ya shigo, ya duba gabas ya duba yamma, ya cire hularsa ya sake sakawa. Abin da ban taɓa gani ba, ya rasa abin cewa. Malama kuwa ta zo ta leƙa baho, ta leƙa bokiti, ta ce a kawo mata ruwa ta sha.

Ba lokacin gyara. Baƙi sun riga sun cika ƙofa, iyaye da 'ya'yansu, ɗalibai, tsofaffi, kowa yana fifita da ƙa'idojin wasanninmu. Malama ta ce a bar su su shigo, a lallaɓa a ga abin da Allah zai yi.

Na farko da ya iso kanta wani dattijo ne da jikokinsa. Ya ce yana son wasan jirgin ƙasa.

Manaja ya gyara tsayuwa. "Baba, nan ba mu da wasa, kaya muke da su. Faɗi abin da kake so. Ja nawa? Shuɗi nawa? Kati nawa?"

"Ina zan sani? Ai koyo na zo yi."

"To, ka zo wurin da ya dace."

Ya nitsa kofin shayi a baho ya ɗebo ja, ya zuba masa a tafin hannu. Ya ɗebo shuɗi ya zuba wa jika a riga. Ya damƙo kati ya ƙara musu, ya ce wannan gyara ne. Ya zaro allo ɗaya daga bango ba tare da ya duba ba, ya ce, "Na gaba!"

Kafin wani lokaci ɗaki ya kaure. A teburin ces, wasu ɗalibai biyu sun zauna, ɗaya yana da sarakuna uku, ɗaya ba shi da ko ɗaya, sai dawakai da tunkiya. Mai sarakunan yana ta kai hari, abokin yana dariya yana cewa tunda ba shi da sarki, wa zai kashe masa? A teburin jirgin ƙasa, dattijo ya shimfiɗa layin dogo a kan allon maciji da tsani, jirginsa ya faɗa bakin maciji, jikokin suna kuka wai an haɗiye fasinjoji. Wata mata ta ɗaga littafin da take fifita da shi ta karanta ƙa'ida da ƙarfi, wani daga can ya ɗaga nasa ya ce ƙarya ne, ga abin da aka rubuta. Kowa da gaskiyarsa, don kowa da littafinsa.

Teburin binciken kisa ne ya fi ba ni tausayi, don ni aka sa in kula da shi. Wasu ma'aikata ne su huɗu, suka ɗauki abin da gaske, suna tuhumar juna, suna zare ido, har ɗaya ya cire agogo ya ajiye. A wasan, akan ɓoye katuna uku a ambulan: wanda ya yi kisan, inda ya yi, da abin da ya yi da shi. Da suka gaji suka ce a buɗe. Na buɗe, na karanta musu abin da na gani. Tunkiya ce ta yi kisan, a tashar jirgin ƙasa, da buhun alkama.

Mai agogon ya mai da agogonsa. "Malam, mu kuka mai da mahaukata?"

Na nuna masa kanta, na ce ga mai tsarin can.

Haka mutane suka yi ta tururuwa zuwa kanta, wannan yana neman sarki, wancan yana neman a karɓi tumakin da suka yi masa yawa. Manaja ko gezau. Duk wanda ya zo da ƙorafi sai ya ƙara masa rabin kofi. Da ya ga layi ya yi tsawo sai ya juyo gare ni yana murmushi.

"Ka ga ciniki, Auta? Bara an taɓa yin layi haka?"

Lokacin bakin Tela ya dawo. Ya hau kujera ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri! Ba haka muke ba. Wannan bawan Allah ne ya ɗauka ƙusa muke sayarwa."

Manaja ya fizgi makirfon da aka tanada don sanarwa, lasifika ta yi ƙara. "Kada ku saurari mai baƙin ciki! Tsari sabo ne, kan mutane ne tsoho. Wanda ya iya wasa, da kowane kaya zai buga. Ni nan da kuke gani ban taɓa faɗuwa ba. A kawo tebur tsakiya! Duk wanda ya isa ya fito, in nuna muku yadda ake yi."

"Ga ni," in ji Tela, ya diro daga kujera. "Ludo. Wanda ko yaron da aka yaye jiya ya iya."

Aka jawo tebur tsakiyar ɗaki, aka shimfiɗa allon ludo na Tela. Mutane suka bar rigimarsu suka kewaye. Manaja da kansa ya yi rabo. Ya tsinto koraye huɗu ya ajiye wa Tela, yana yatsina. Shi kuma ya nitsa kofi a baho ya cika shi har yana zuba, ya juye a gidan ja: 'ya'yan ludo, jiragen ƙasa, gidaje, da wata tunkiya da aka taɓa shafa wa jan farce.

Tela ya dubi tulin. "Duk naka ne?"

"Tsoro ya kama ka?"

"Tambaya dai nake. Kowa ya shaida, shi ya ɗiba da hannunsa."

"A sito, wanda ya fi kaya shi ne babba. Jefa!"

Malama ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa, ta gyara zama.

Aka fara. Manaja ya maƙale makirfo a aljihun gaban riga don kowa ya ji bayaninsa. In ya fito da ɗa sai ya sanar. In ya fito da jirgi sai ya yi masa kukan jirgi. Ya cika hanya da jajaye, yana ta cewa a dubi runduna. Tela yana ta jefa dayis ɗinsa. Ya ci jirgi, ya mai da shi gida. Ya ci tunkiya, ya mai da ita gida. Ya shigar da ɗansa na farko, ya shigar da na biyu, ya shigar da na uku.

"Ka ga naka suna ƙarewa," in ji Manaja yana dariya. "Saura ɗaya tal! Ni kuwa dubi nawa."

Wata yarinya daga cikin jikokin dattijo ta ce, "Kaka, ai wanda ya riga shigar da nasa duka shi ya ci, ko?"

"Haka ne," in ji dattijo.

Dariyar Manaja ta tsaya a rabi. Ya dubi koren Tela guda ɗaya da ke bakin gida. Ya dubi tulin jajayensa, waɗanda ko zuwa baɗi ba zai gama shigar da su ba. Ya dubi Malama, ta ɗaga masa kai alamar haka ne. Mutumin da bai taɓa zama ya ga ƙarshen wasa ba, a ranar ya ji labarin yadda ake cinsa.

Mu 'yan ƙungiya duk muka zuba wa hannunsa ido. Bai ba mu kunya ba. Ya dafe aljihun wando, ya zaro waya, ya kara a kunne.

"Na'am, Oga!" Lasifika ta watsa muryarsa har titi. "Yanzu-yanzu? Haba Oga, ina tsakiyar cin wani ne. Motar siminti ta iso? To, ba yadda zan yi, ga ni nan..."

Wayar ta fashe da ƙara a cikin kunnensa.

Ya zabura har kujera ta faɗi. Waya tana ta ruri a hannunsa, makirfo yana ɗauka, lasifika tana ƙarawa. Ɗaki ya yi tsit, sai wannan kiɗan. A rikice ya danna, ya ce, "Oga?"

"Wane Oga?" Muryar ta fito ta waya, ta kuma fito daga bakin ƙofa. Duk muka juya. Yaya ce tsaye, goye da jaririya, waya a kunne. "Baban yara, ina robobina?"

Ɗaki ya ɗauki ihu. Dattijo yana dariya yana tari, jikoki suna bubbuga masa baya. Tela ya kwanta a kan allo yana dukan tebur.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ratsa mutane ta nufi kanta, Manaja yana binta.

"Maman yara, tsaya in yi miki bayani. Aro na yi. Da yamma zan..."

"Da yamma? Tun safe wanki yake jirana. Yarinya ko wanka ban yi mata ba."

"To bari in nemo buhu. Kada ki taɓa, tsari ne!"

Ta kama bahon ja ta kifar a ƙasa. Ta ɗauki bokitin shuɗi ta juye a kai. Kore ya bi, rawaya ya bi. Ta zazzage dayis, suka watsu suna tsalle har ƙarƙashin kabad. Ta girgiza robar jaririya, katuna suka tashi, fankar nan ɗaya mai aiki ta raba su ko'ina. Nas ta rufe ido. Yaya ta jera robobinta ɗaya cikin ɗaya, ta ɗora a ka, sannan ta miƙa hannu ta zare wayar daga hannun mijinta ta jefa a ciki.

"In Oga ya kira, zan ce kana aiki."

Ta fice. Ni dai ban taɓa alfahari da yayata kamar ranar ba.

Abin mamaki, baƙi ba su tafi ba. Wasu suka durƙusa suna taya mu tsince, wasu suka ce ba su taɓa zuwa taro mai daɗin wannan ba, yaushe za a sake? Aka share komai aka tara a tsakiyar ɗaki, tuli guda har gwiwa. Mu masu kwalaye kuwa ranmu a ɓace yake, ba mai iya duban tulin sau biyu.

Malama ta karɓi makirfo ta ce tunda wasa ya gagara, a yi zaɓe kowa ya kama gabansa. Ta karɓi makullin daga hannun Manaja ta ɗaga. Masu nema biyu ne, Tela da Manaja.

Tela ya dubi tulin, ya dubi makulli, ya dubi Malama. Na ga wani abu ya wuce tsakanin idanunsu.

"Malama, na janye. Makulli ya san wuyan da ya dace da shi."

"Masu son Manaja?"

Nas ce ta fara ɗaga hannu, ta ɗaga biyu. Muka bi. Har baƙi suka ɗaga, har dattijo da jikokinsa. Manaja, wanda ya rakuɓe a jikin kabad, ya ɗago kai a hankali. Kafin ka ce me, ƙirji ya dawo. Ya kakkaɓe riga, ya gyara biron kunne, ya tako tsakiya.

"Na faɗa muku! Aiki shi ke magana. Na yafe wa duk wanda ya yi mini dariya, har da Tela."

Ya sunkuya, Malama ta rataya masa makulli, aka yi tafi. Ta riƙe igiyar ba ta saki ba.

"Ɗan nan, ka san dokarmu ai. Mai makulli shi ke da alhakin kowane kwali ya cika."

"Ƙaramin abu. Gobe zan ware su."

"Madalla. Ka kuma san yadda muke gane kwali ya cika. Za ka zauna da mai shi, ku buga." Ta saki igiyar. "Har ƙarshe."

Manaja ya dafe aljihu. Ba komai a ciki.

Asabar ɗin da ta biyo ba wanda ya yi fashi. Manaja ya zo da kwalin ludon Tela, ya liƙe shi da salatif ta ko'ina, don shi ya ga ya fi sauƙi. Yaya ta aiko ni da saƙo cewa waya tana wurinta, Oga bai kira ba. Suka zauna, huɗu da huɗu, muka kewaye su. Tela ya shigar da nasa duka, Manaja ko biyu bai kai ba.

Ya ɗauki dayis ya jujjuya shi a haske. "Wannan ba na kwalin nan ba ne. Shi ya sa."

"Ashe?" in ji Malama. "To kwali bai cika ba ke nan. Nemo nasa, a sake."

Ya tona tuli ya ɗauko wani. Aka sake, Tela ya sake cinye shi. Manaja ya ce jan ɗan nan ya fi sauran nauyi, ba ya tafiya. Malama ta ce kwali bai cika ba, a sake. A karo na gaba ya buɗe baki zai yi magana a kan allon, sai ya dubi tulin da ke bayansa, wanda ko alamar raguwa bai yi ba. Gumi yana bin igiyar makulli.

"Kwalin ya cika," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"To me ya hana ka ci?" in ji Malama.

Manaja ya dubi allon. "An ci ni."

"Ɗan nan, kunnena ya tsufa."

Tela ya miƙo masa makirfo, ya riga ya kunna.

Bayan lasifika ta kai maganar har titi, Malama ta rufe kwalin, ta sa Manaja ya buɗe kabad da makullinsa. Ya ajiye ludo a ciki, shi kaɗai a cikin wannan ƙaton kabad. Ya juyo yana neman hularsa, sai ya tarar Nas ta zauna a kujerar Tela, ta shimfiɗa allon tumakinta, wasan da ke cinye yini guda. Ta ajiye masa damin sababbin ledoji a gabansa.

"Je ka wanke hannu, Shugaba," ta ce. "Ni ma ban taɓa faɗuwa ba. Amma ni ana gani har ƙarshe."